Makirufo Mai Araha Don Ɗaukar Jita da Murya: Ɗakinka Ne Zai Zaɓa Maka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau maganar makirufo za mu yi. Tambayar da ta fi yawan zuwa mana ita ce: ina da jita ta katako, irin wadda ba a jona ta da wuta, ina kaɗawa ina waƙa, ina so in riƙa ɗauka a gida, kuɗina kuma ba yawa, wane makirufo zan saya? Tambaya ce mai muhimmanci, domin wani wata uku ko huɗu zai yi yana tara kuɗin nan. In ya sayi abin da bai dace da shi ba, to fa sai ya sake wani tarin, wani ma daga nan zuciyarsa ke mutuwa ya jingine jitar. Kuma duk abin da zan faɗa ya shafi mai garaya, da mai gurmi, da mai molo, tunda duk tsirkiya ce a kan ƙoƙo ko akwati.

Amsata a taƙaice: kafin ka tambayi sunan makirufo, fara tambayar ɗakin da za ka yi ɗaukar a ciki. Shi zai gaya maka irin wanda za ka saya. Bari in bi abin daki-daki.

Makirufon da za ka samu a kasuwa da kuɗi kaɗan iri biyu ne: akwai dayinamik, akwai kwandensa. Dukansu suna da wani siririn tantani a ciki, kamar fatar ganga, wanda ke rawa idan sauti ya doke shi. A dayinamik, an manna wa tantanin naɗin waya da ke zaune cikin maganaɗisu. Tantani ya motsa, naɗin ya motsa, sai a samu 'yar wutar da ke ɗauke da sautin. Saboda naɗin nan yana da ɗan nauyi, ba ya saurin amsa ƙananan sautuka masu kaifi. Amma fa yana da juriya, ba ya buƙatar a ba shi wuta, kuma ko ya faɗi ƙasa yawanci ka ɗauka ka ci gaba da aiki. Shi ne irin wanda kuke gani a hannun masu wa'azi da mawaƙan biki.

Shi kuwa kwandensa, tantaninsa ba ya ɗauke da komai, yana tsaye ne kusa da wani faifan ƙarfe, an ɗana musu caji a tsakani. Ba nauyi, don haka ko yaya iska ta motsa sai ya ji. Shi ya sa yake kamo shesshekar numfashi, da ƙarar yatsa a kan tsirkiya, da wannan ƙyalƙyalin da ke sa jita ta yi daɗi a kunne. Sai dai yana buƙatar wuta, bolt 48, wadda ake kira wutar fantom, tana biyo wayar makirufon ne daga na'urar da ka jona shi.

Ga lissafi kaɗan don ku ga tazarar. Shure SM58, wanda shi ne dayinamik ɗin da ya fi shahara a duniya, yana jin sauti daga Hz 50 zuwa 15,000. Audio-Technica AT2020, kwandensa mai araha, yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000, wato iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Sannan idan ka yi musu magana da ƙarfi ɗaya daga nisa ɗaya, wutar da AT2020 zai fitar ta ninka ta SM58 fiye da sau 7.

To daga nan ne mutane ke yanke hukunci su ce ashe kwandensa ya fi, shi zan saya. Tsaya tukuna.

Makirufo bai san muryarka ba. Bai san jitarka ba. Duk abin da ya iso gare shi ɗauka yake yi: janaretan maƙwabci, fanka, babur a lungu, kukan akuya, yara suna ƙwallo, da muryarka da ta doki bangon siminti ta dawo. Abu biyu kaɗai ke raba sautinka da wannan hayaniya: ina makirufon ya fuskanta, da kuma nisan da ke tsakaninku.

Maganar nisa akwai ƙa'ida. Duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin sautin yana raguwa da kusan desibel 6. Daga santimita 5 zuwa 10 ka rasa 6, zuwa 20 ka rasa 12, zuwa 40 ka rasa 18. Shi kuwa janaretan maƙwabci yana nan yadda yake, bai ragu ba. Ka ga kenan wanda ya manna baki a makirufo ya fi wanda ya ja baya da desibel 18 a kan hayaniyar waje. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sirrin dayinamik kenan. An ƙera shi ne don a kusance shi, baki dab da raga. Shi kuwa kwandensa an fi amfani da shi daga ɗan nesa, taki ɗaya ko fiye, kuma yana jin sautuka masu kaifi sosai, saboda haka ɗakin gaba ɗaya yake kwasowa. In ɗakin shiru ne, madalla, za ka ji daɗinsa. In ɗakin yana bakin titi, mai rufin kwano ba silin, bango da daɓe duk siminti, to kuɗinka ka sa ka sayi abin da zai tona asirin ɗakin.

Don haka ga gwaji biyu da ba za su ci maka ko kwabo ba. Na farko, shiga ɗakin a lokacin da kake son ka riƙa ɗauka, rufe ƙofa da taga, kunna rikodar wayarka, yi shiru na daƙiƙa 30. Sai ka sa abin kunne ka saurara da ƙarfi. Za ka yi mamakin abin da kunnenka ya saba da shi har ya daina ji. Na biyu, tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji tafin ya mutu nan take, ɗakin yana da kyau. In ka ji ya bar wata 'yar jela, kamar ƙarar ƙarfe tana zirya tsakanin bango da bango, to akwai amsa-kuwwa, kuma makirufo zai ji ta fiye da kai.

In ɗakinka ya faɗi gwajin nan, dayinamik za ka nema. Wanne?

In kuɗin ya kai, Shure SM57 ko SM58. Kamfanin Shure na Amurka ya fito da SM57 a 1965, SM58 kuma a 1966, har yau ana ƙera su ana sayarwa, farashinsu a can wajen dala 100 ne ko da ɗan ɗoriya. Kusan abu ɗaya ne a ciki, bambancin a kai yake: SM58 yana da ragar ƙwallo mai soso a ciki don tare iskar baki, SM57 kuma kansa siriri ne, an fi sa shi a gaban kayan kiɗa. Tunda murya da jita za ka haɗa, kowanne ka samu zai yi. Kada wani ya ce maka dayinamik ba ya ɗaukar jita. A 1982 mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya zauna a ɗakinsa da jita, da rikodar kaset mai layi 4, da SM57 guda biyu, ya ɗauki waƙoƙin da ya yi niyyar su zama gwaji kawai. Daga baya ya sake ɗaukarsu a babban situdiyo da makaɗansa, bai gamsu ba, aka dawo aka fitar da na kaset ɗin nan a matsayin kundin Nebraska.

In kuɗin bai kai nan ba, akwai Behringer XM8500, wanda a waje bai kai dala 30 ba. Ba SM58 ba ne, amma yana aiki tsakani da Allah, kuma ya fi jabun SM58 nesa ba kusa ba. Sannan akwai Samson Q2U, shi ma dayinamik. Abin da ya sa nake yawan ambatarsa shi ne ƙofa biyu gare shi, USB da XLR, ga kuma wurin jona abin kunne a jikinsa. Yau ka jona shi kai tsaye a kwamfuta, gobe in ka samu hali ka sayi akwatin sauti, ba sai ka sake makirufo ba.

In kuwa ɗakinka ya ci gwajin, ko kana da lokacin da unguwa ke yin tsit, misali daga ƙarfe 12 na dare zuwa kafin kiran assalatu, to kwandensa zai ba ka abin da dayinamik ba zai ba ka ba, musamman in da yatsu kake kaɗawa a hankali. AT2020 shi ma wajen dala 100 ne, kuma ya daɗe yana hannun masu situdiyon gida. In akwai ƙarin kuɗi, Rode NT1-A ya fi shi shiru ƙwarai. Kowane kwandensa yana da 'yar ƙarar “shiii” ta kansa, ta AT2020 desibel 20 ce, ta NT1-A kuwa 5. Amma gaskiya, a yawancin ɗakunanmu hayaniyar waje ta riga ta rufe wannan bambancin, don haka kada ka ci bashi a kansa.

Na ambaci akwatin sauti, bari in yi bayani, domin nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa. Makirufo mai XLR, wato mai baki da ƙafa uku, ba ya shiga kwamfuta kai tsaye. Sai da wata 'yar na'ura a tsakani, wadda masu situdiyo ke kira sawun-kad ko intafes. Ita ke ƙara wa sautin ƙarfi, ta mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa, ita kuma ke ba kwandensa wutar fantom. Masu araha akwai Behringer UM2 da UMC22, duk suna da bolt 48 ɗin. Focusrite Scarlett Solo ya fi su tsafta, amma ya haura dala 100. Lura fa: waɗannan ukun makirufo ɗaya kawai kowanne ke karɓa. In kana da niyyar biyu nan gaba, sai irin UMC202HD ko Scarlett 2i2.

Saboda haka in ka ce kana da kuɗi kaza, kada ka zuba su duka a kan makirufo. Akwai akwatin sauti, akwai wayar XLR, akwai sandar da za ta riƙe makirufon, tunda hannunka biyu suna kan jita, akwai abin kunne mai rufe kunne ruf. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce makirufo ya ci rabin kuɗin, sauran kayan su raba rabin. Makirufo mai tsada da aka ɗaure a jikin kujera da kyauron roba, matsakaici da ke tsaye daidai inda ya kamata zai doke shi. Manhajar ɗauka kuwa ba sai ka saya ba, Audacity kyauta ce a kwamfuta, BandLab kuma tana aiki a waya.

Wani abu game da dayinamik: tunda wutar da yake fitarwa kaɗan ce, dole ka murɗa maɓallin ƙarfin shiga sama sosai. A ƙaramin akwatin sauti, in ka kai shi ƙarshe za ka fara jin “shiii”. Maganinsa ka matso da makirufon, ka kuma kaɗa da ɗan ƙarfi.

To yanzu ka saya, ina za ka ajiye shi? Kusan kowa in ya fara, ramin jitar yake nufa, don nan ne ake ganin sauti ke fitowa. Kada ka yi haka. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa ne a Hz 82, iskar da ke cikin akwatin kuma tana amsawa a wajen Hz 100, duk wannan rugugin ta ramin yake fita. Ƙari a kan haka, duk makirufon da na lissafa masu jin gaba ne, suna ji ta gaba su toshe baya, kuma irinsu suna ƙara kaurin sauti idan an kusance su. Ka haɗa biyun nan, sai ka ji jita ta koma kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Inda ya dace shi ne inda wuyan jitar ya haɗu da jikinta, wajen layin ƙarfe na 12 zuwa na 14. In kwandensa ne, ja shi baya santimita 20 zuwa 30. In dayinamik ne, 10 zuwa 15. Sa abin kunne, ka riƙa kaɗawa kana ɗan juya jikinka: ka karkata wajen rami sauti ya yi kauri, ka karkata wajen wuya ya yi kaifi. Inda ka ji ya yi maka, sa alama a ƙasa da alli.

Murya kuma, a dayinamik yatsa biyu ko uku tsakanin leɓe da raga ya isa. A kwandensa taki ɗaya, da rariyar tare iska a tsakani, saboda haruffa irin su “b” da “f” suna turo iskar da ke dukan tantanin ya yi “bum”. In ba ka da rariyar, lanƙwasa waya ta zama zobe ka ɗaura mata siririyar safa, aikin ɗaya ne. Wajen saita ƙarfi kuma, rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka tabbata ma'aunin yana tsayawa tsakanin -12 da -6. In ya taɓa 0 ya yi ja, sautin ya fashe, kuma da wuya a ɗinke shi ya koma yadda yake.

Saura babbar tambaya: makirufo ɗaya, ga jita ga murya, yaya za a yi? Hanya biyu ce. Ta farko, ɗauki jitar ita kaɗai, sannan ka sa abin kunne kana jin ta ka ɗora murya a kai. Wannan ita ce hanyar mai ɗaki mai hayaniya, domin kowane lokaci makirufon yana dab da abin da yake ɗauka, kuma daga baya kana iya ɗaga murya ko rage jita yadda kake so. Ta biyu, ka yi su tare a lokaci ɗaya. Sai ka ja makirufon baya santimita 30 zuwa 40, tsayinsa tsakanin bakinka da jitar. Murya ta yi ƙasa, ɗaga shi sama kaɗan. Jita ta ɓace, sauke shi. Wannan hanyar ta fi rai, don mutane da yawa sun fi rerawa da daɗi in hannunsu na kan tsirkiya. Amma ka tuna lissafin desibel 18 ɗin nan: santimita 40 sai ɗaki mai shiru, kuma aikin kwandensa ne. Ka ga mun sake dawowa kan ɗaki.

Abin daɗin shi ne ɗaki yana gyaruwa da kayan da ke gidan. Shimfiɗa darduma ko kafet a ƙasa. Jingine katifa a bangon da ke bayanka, domin makirufon kai yake kallo, don haka abin da ya dawo daga bangon bayanka shi yake shiga kai tsaye. Rataya bargo mai kauri a taga da ƙofa. In akwai wadirob cike da kaya, buɗe shi. Juya bayan makirufon ya kalli inda hayaniya ta fi fitowa. Kashe fanka da firij na minti biyar ɗin da za ka yi ɗauka, zafin ba zai kashe ka ba. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa, wahala ce kawai, bai da kaurin da zai shanye sauti. In kuma ka ji wani gunji “huuum” a ƙarƙashin sautin, sau da yawa daga cajar laftof ne, musamman a wutar janareta. Zare cajar ka yi aiki da batir.

Gargaɗi biyu kafin mu rufe. Na farko, jabu. SM58 yana cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya, kwali da tambari duk iri ɗaya. Na gaske nauyinsa giram 298 ne, jabun sau da yawa ya fi sauƙi a hannu, kuma ko shafa jikinsa ka yi sai ka ji ƙarar a lasifika. In aka ce maka sabo ne a kwata ɗin farashinsa, ka san amsar. Sayi a wurin da za a jona maka ka ji da kunnenka, kuma a yarda ka dawo da shi in da matsala. A wannan harka, ji ne ya kori gani.

Na biyu, akwai wani mai launin zinare ko baƙi da ake kira BM-800, yana zuwa da sanda da rariya da soso, duka a farashi mai daɗi. A ido kamar na babban situdiyo. In ka kwance kansa, yawanci 'yar ƙaramar ƙwaya za ka tarar a cikin babban gida, kuma wayar da yake zuwa da ita ta ramin abin kunne take shiga, wanda ke jawo ƙara. Don hira ko karatu a intanet zai iya fitar da kai. Don jita, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da kuɗinsa gara XM8500.

Kuma in kwandensa ka saya, kiyaye shi daga ƙurar hunturu da laimar damina, domin tantanin nan mai caji yana jan ƙura, laima kuma tana sa shi ƙara kamar ana soya gyaɗa. Ka gama aiki, mayar da shi jakarsa, ka jefa ƙunshin ƙwayoyin shan laima ɗin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi.

To, ga yadda zan jera muku. Ɗaki mai hayaniya, kuɗi kaɗan, ba akwatin sauti: Samson Q2U, ka ɗauki jita da murya daban-daban. Ɗaki mai hayaniya amma kana son abin da zai daɗe a hannunka: SM57 ko SM58 na gaske, da ƙaramin akwatin sauti. Ɗaki mai shiru, kana son kaɗawa da rerawa lokaci ɗaya: AT2020 da akwati mai bolt 48. Kafin duk wannan, yi gwajin daƙiƙa 30 da na tafi yau da daddare, tun kuɗin suna aljihunka.

Nan za mu tsaya. Wanda ya yi gwajin, ya gaya mana abin da ya ji a ɗakinsa, in da tambaya kuma a aiko, za mu duba a shiri na gaba in Allah ya kai mu.